FLAC, WAV ko ALAC: kafin ka biya kuɗin filashin ƙira'a

Azumin bara na sayo wa Baba filashin karatun Sheikh Huzaifi a wani shagon wayoyi kusa da Sharar Mansur, nan Makka. Mai shagon ya ce min, "Ya Hajji, wannan FLAC ne, ba irin na WhatsApp ba," na ƙara masa Riyal talatin a kan farashin na MP3. FLAC da MP3 nau'ukan fayil ɗin sauti ne, FLAC kuma shi ne wanda ba ya zubar da komai daga sautin. Da na isa gida na jona a kwamfuta, fayilolin manya ne ƙwarai, amma muryar tana da ɗan shishitar nan ta MP3 a kan harafin sin da sad. Ungulu da kan zabo aka ba ni.

MP3 da takwaransa AAC suna rage nauyin fayil ne ta hanyar zubar da sassan sautin da ake ganin kunne ba zai lura da su ba. Abin da ya zube kuwa ba ya kwasuwa. Idan ka juya MP3 zuwa FLAC, buhu kawai ka canza, hatsin na nan yadda yake. MP3 mai 128 kbps (ma'aunin yawan bayanan da ke cikin kowace daƙiƙa ta sauti) yana cin kusan MB 1 a minti ɗaya, sautin faifan CD kuma yana cin kusan MB 10. Mai juyawa yana kumbura fayil ɗin ne ninki-ba-ninki, ya cinye maka wuri a waya, ko ɗigon inganci bai ƙaru ba.

Idan asalin sautin mai kyau ne, ni FLAC nake zaɓa, ba na ko waiwaye. Tun 2001 yake, kyauta ne, ba mallakin wani kamfanin waya ba. Yana matse sautin CD zuwa kusan rabi ba tare da ya yar da komai ba, in ka warware shi zai dawo daidai da asalinsa. Yana riƙe sunan sura da na makaranci a jikin fayil, don haka Baba ba ya laluben Suratul Kahfi ranar Juma'a cikin lambobi. Android na buɗe shi, iPhone ma tun iOS 11. Abin da ya fi kwanta min a rai shi ne yana ɗauke da hatimin tantancewa a cikinsa, wanda zai nuna maka in fayil ya lalace wajen kwafa.

WAV shi ma ba ya zubar da komai, amma ba ya matse sauti, don haka nauyi ne da shi, kuma sunayen surori kan ɓace masa. ALAC kamar FLAC yake, amma na mutanen Apple ne, in duk gidanku iPhone ne, to.

Shafukan intanet masu alkawarin "ɗaga inganci" kuwa, ka guje su. Haka mai shagon da zai nuna maka girman fayil a matsayin hujja. Hujjar gaskiya tana cikin manhajar Spek, kyauta ce, tana zana hoton sauti. Na CD na asali yana iya kaiwa wajen 22 kHz (ma'aunin kaifin sauti) a jikin hoton. Wanda aka juyo daga MP3 mai 128 kbps za ka ga an datse shi a wajen 16 kHz, layi miƙaƙƙe kamar an sa reza, samansa baƙi ƙirin. Filashin da na saya haka ya fito, sura 114 duka. Tsohon karatun kaset shi ma ba ya hawa sama sosai, amma nasa a hankali yake dusashewa, ba datsa ba ce. Ka ce mai shago ya tura maka sura ɗaya ka gwada kafin ka biya. In ya fara kame-kame, ka ɗauki na MP3 a farashinsa na gaskiya.

In kana da faifan CD na asali, ka kwafe shi da manhajar Exact Audio Copy ko fre:ac kai tsaye zuwa FLAC. Wuri ɗaya na yarda a juya MP3: in za ka yanka wa'azi ko ka gyara shi a manhajar gyaran sauti ta Audacity, ka adana aikin a FLAC don kada a sake zubar da sassan sautinsa karo na biyu. Haka na yi wa karatun tafsirin da kawuna ya turo min daga Kano.