Kafin ka kashe gurbinka kan mai farautar kwatabak: Hutchinson, Walker ko Thibodeaux?

Daren da aka buɗe zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, na 2022 a Las Vegas, mu a nan ƙarfe ɗaya na dare ne, cikin goman ƙarshe na azumi. Ina riƙe da waya ina jiran in ji sunan Aidan Hutchinson, sai aka ce Jacksonville Jaguars ta ɗauki Travon Walker. Har na yi sahur abin bai bar raina ba. Yaron da ya kayar da kwatabak sau 14 a kaka ɗaya an tsallake shi, an ɗauki wanda kayensa a shekara uku duka tara da rabi ne. Tun daga ranar nake auna wannan ciniki, kuma ina ganin duk mai son ya iya tantance ɗan wasan jami'a, nan ya kamata ya fara.

Ga wanda bai saba da ƙwallon Amurka ba: kwatabak shi ne madugun masu kai hari, shi ke jefa ƙwallo, kuma ƙarti biyar ne ke tsaye gabansa suna yi masa dogari. Mai farauta yana tsayawa a gefen layi, aikinsa ya keta dogarin da ke gabansa ya isa ga kwatabak kafin ƙwallo ta bar hannunsa, abin da yawanci ba ya kai daƙiƙa uku. Idan ya kai shi ƙasa da ƙwallo a hannu, an yi kaye ke nan. Idan mutum biyu suka kayar tare, sai a raba musu rabi-rabi.

Sayen ma daban yake da na ƙwallon Turai. Ba a biyan jami'a ko sisi. Ƙungiyoyi 32 ne ke zaɓe bi da bi har zagaye bakwai, wadda ta fi shan kashi a bara ita ke farawa. Kuɗinka shi ne gurbinka, sai kwantiragin shekara huɗu, da damar ƙara ta biyar ga 'yan zagayen farko. Na Walker ya haura dala miliyan 37, kuma ko ya yi kyau ko bai yi ba sai an biya. Kayan nan ba a mayarwa. Saboda haka ba wurin cinikin biri a sama ba ne.

Hutchinson na jami'ar Michigan shi ne kayan da aka gama haɗawa. Kaye 14 da ya yi a 2021 ba wanda ya taɓa yin haka a tarihin makarantar a kaka guda, ya kuma zo na biyu bayan Bryce Young a kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, abin da ba kasafai ɗan ɓangaren tsaro ke samu ba. Uku daga ciki ya yi su ne a kan Ohio State, babbar abokiyar gabarsu, ranar da Michigan ta ci 42 da 27. Wannan yana da nauyi a wurina, don dogaran Ohio State ba yara ba ne. Abin da ya fi ɗaukar hankalina hannayensa ne. Ka kalle shi a bidiyo a hankali: dogari ya miƙo hannu biyu zai dafe masa ƙirji, shi kuma ya doke su gefe kamar mai kore ƙuda, ya sunkuyar da kafaɗa ya wuce. Zagaye na gaba dogarin zai ja da baya yana tsoron gefe, sai ya bi ta ciki. Yana da shiri na farko, yana da na biyu, kuma yana ɗana wa mutum tarko tun wasa yana ɗanye.

Aibinsa biyu ne. Tsawon hannunsa inci 32 da ɗoriya kaɗan, gajere ga mutum mai tsayin ƙafa shida da inci shida da wani abu. A wannan sana'a wanda ya riga taɓa ƙirjin abokin karawarsa shi ke juya shi, kamar dai a kokawa, kuma dogaran NFL dogayen hannu gare su. Na biyu, ya taɓa karya idon sawu a 2020. Masu sukarsa kuma sun riƙe wasan ranar 31 ga Disamba 2021, inda Georgia ta lallasa Michigan 34 da 11 bai yi kaye ko ɗaya ba.

Walker yana cikin waɗanda suka ci wannan wasa. Shi jiki ne aka saya. A taron awon 'yan wasa da ake yi duk shekara a Indianapolis, ya hau sikeli da fam 272, wato kimanin kilo 123, ya gudu yadi 40 cikin daƙiƙa 4.51, hannunsa kuma inci 35 da rabi. Hutchinson, da ya fi shi rashin nauyi, 4.74 ya yi. Allah bai cika yin irin wannan halitta ba, kuma ba a koya wa mutum tsawon hannu. Masu kare shi suna da hujja ta gaske game da ƙarancin kayensa: Georgia ta wancan shekara, wadda ta ci kofin ƙasa a kan Alabama, cike take da gwanaye, har 'yan ɓangaren tsaronta biyar aka ɗauka a zagayen farko. Sau da yawa Walker an sa shi ne ya toshe hanyar masu gudu da ƙwallo ko ya shiga tsakiya ya cinye dogarai don wani ya samu hanya. Ba a sake shi ya yi farauta yadda aka saki Hutchinson ba.

Irin wannan caca ta taɓa biya. Ezekiel Ansah ya taso a Akara ta Gana, bai fara wannan wasa ba sai da ya je jami'ar BYU, kayensa huɗu da rabi ne, Detroit ta ɗauke shi na biyar a 2013, ya yi kaye 14 da rabi a 2015. Danielle Hunter ma huɗu da rabi ya yi a jami'ar LSU, ya zo ya zama abin tsoro a Minnesota. Amma a duba farashi: Hunter a zagaye na uku aka same shi a 2015. Sayen ɗan maraƙi da fatan zai zama bijimi ba laifi ba ne, matuƙar kuɗin maraƙi ka biya. Jacksonville kuɗin bijimi ta biya.

Na uku shi ne Kayvon Thibodeaux na Oregon, wanda New York Giants ta ɗauka na biyar. Shi hajarsa takun farko ne. Ƙwallo na motsawa ya riga ya wuce rabin dogari, da haka ya yi kaye tara tun shekararsa ta farko a 2019, ya kammala da 19. Damuwata da shi ita ce idan dogari ya tare wannan tashin, me ya rage? A jami'a gudu kaɗai yana isar mutum, don rabin waɗanda ke gabanka ba za su taɓa cin abinci da ƙwallo ba. A NFL kowa ya ga irinka.

To da me za a auna? Kada ka tsaya ga adadin kaye. Jarvis Jones ya yi 14 da rabi a Georgia a 2012, Pittsburgh ta ɗauke shi na 17, duk zamansa a NFL shida ya yi. Kada kuma ka tsaya ga awo. Vernon Gholston ya haɗa duka biyun: kaye 14 a Ohio State a 2007, jiki kamar an sassaƙa, ya ɗaga ƙarfe mai fam 225 sau 37 a Indianapolis. New York Jets ta ɗauke shi na shida a 2008, ya yi shekara uku bai kayar da kwatabak ko sau ɗaya ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ni yadda nake yi, nakan nemi wasanni uku da yaron ya kara da manyan makarantu, ba haɗaɗɗen bidiyon bajinta da ake sa wa kiɗa a YouTube ba, don wannan aikin dillali ne. Sai in ware lokutan da kowa ya san jifa za a yi, misali yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba masu kai hari su ci yadi goma, ga shi saura yadi takwas. A kowane ɗaya ina tambayar kaina: shi ya ka da dogarinsa, ko an manta ba a tare shi ba? Cikin daƙiƙa nawa? Kayen da ya zo bayan kwatabak ya yi ta yawo da ƙwallo daƙiƙa biyar, na masu tsaron baya ne, ba nasa ba. Haka kuma wanda ya keta dogari cikin daƙiƙa biyu har kwatabak ya jefar da ƙwallo a firgice ya yi aiki, ko da takarda ba ta rubuta masa komai ba. Sannan in dubi ƙugunsa da idon sawunsa a kan kwana. Gwani yakan kwanta gefe kamar ɗan acaɓa a shataletale, kafaɗa kusa da ƙasa, ƙafa ba ta zame ba. Mai taurin ƙugu sai dogari ya raka shi ya wuce bayan kwatabak, ya je can ya tsaya.

A cikin awon Indianapolis, gudun yadi 40 ne ake ta yayatawa, alhali mai farauta ba ya gudun yadi 40 a miƙe. Yadi goman farko sun fi faɗa maka gaskiya, sai gwajin mazurari uku, inda ake jera su kamar kusurwar ɗaki, yadi biyar-biyar tsakani, mutum ya zagaya su yana lanƙwasa. A nan Hutchinson ya yi 6.73, lokacin da ko ƙananan 'yan wasa masu sauri za su yi murna da shi, kuma wannan ne ya kwantar mini da hankali game da gajeren hannunsa. Terrell Suggs ya yi kaye 24 a Arizona State a 2002, gudunsa na 40 bai gamsar da mutane ba, ya zame har na goma, Baltimore ta tsince shi ta mora shekara da shekaru.

Da gurbi na ɗaya a hannuna yake, Hutchinson zan ɗauka, a daren nan ma haka na ce. Detroit, wadda ke jiharsa ta haihuwa, ba ta ɓata lokaci ba ta ɗauke shi na biyu. Ya yi kaye tara da rabi a shekarar farko, 11 da rabi a ta biyu, kuma yana da bakwai da rabi a wasa biyar kacal a 2024 lokacin da ya karye a ƙafa a Dallas. Walker kuwa ba a yi asara da shi ba, dole in faɗa: uku da rabi ya fara da shi, sannan 10, sannan 10 da rabi. Sai da aka jira shi shekara guda, kamar yadda jikinsa da bidiyonsa suka nuna tun farko. Thibodeaux ya yi 11 da rabi a 2023, amma huɗu ne a 2022, biyar da rabi a 2024.

Idan kuma gurbinka na can baya ne, a nan nake yarda da cacar jiki da ta ƙaramar makaranta, don abin da za ka rasa kaɗan ne. A 2019 Raiders ta ɗauki Clelin Ferrell na Clemson a gurbi na huɗu gaba ɗaya, ta ɗauki Maxx Crosby na Eastern Michigan a zagaye na huɗu. Ferrell ya gama shekarunsa huɗu ya tafi, Crosby kuwa tun kakarsa ta farko ya yi kaye goma.