Wane faifan The Sting ya dace ka saya?

Duk faifan The Sting da ya shigo hannuna, wurin wasan karta na cikin jirgin ƙasa nake fara kai shi. A nan Henry Gondorff, tsohon ɗan damfarar da Paul Newman ya fito a matsayinsa, yake shigowa yana tangaɗi kamar mashayi, ya zauna gaban ƙasurgumin ɗan daba Doyle Lonnegan, wato Robert Shaw, ya cuce shi a cacar da shi Lonnegan ɗin ya riga ya shirya maguɗinta. Idan hoton faifai bai nuna maka lambobin katin sarai ba, bai nuna yadda fuskar Robert Shaw take murtukewa ba, an rage maka rabin daɗin fim ɗin. Labari ne da ake bayarwa da ido da yatsu, har da ɗan shafar hanci da 'yan damfarar suke yi wa juna alama da shi. Kyawun hoto a nan ba ado ba ne.

Fim ɗin ya fito a 1973 daga kamfanin Universal, George Roy Hill ya ba da umarni, kuma ya ci kyautar Oscar 7, ciki har da ta gwarzon fim. Labarin yana faruwa a 1936, tsakanin Joliet da Chicago a Amurka. Johnny Hooker, wato Robert Redford, shi da maigidansa Luther sun yashe wani ɗan aike dala 11,000, ba su san kuɗin Lonnegan ba ne. Aka kashe Luther. Hooker ya nemi Gondorff, suka buɗe gidan cacar tseren dawaki na bogi don su raba Lonnegan da dala 500,000. Iyakar abin da zan faɗa ke nan, domin ƙarshensa sai mutum ya gani da idonsa.

Mafi arha shi ne DVD, amma iri biyu ne kuma ba ɗaya suke ba. Na farko, na 1998, hotonsa mai kusurwa huɗu ne irin na tsohuwar talabijin, alhali a sinima an haska fim ɗin da faɗin 1.85:1. A talabijin ta yanzu zai bar maka baƙi dama da hagu. Ka bar shi. Na 2005, wanda aka rubuta wa Legacy Series, faifai biyu ne, hotonsa mai faɗi, kuma yana ɗauke da shirin The Art of the Sting inda Newman da Redford suke ba da labarin yadda aka yi aikin. Wanda na'urarsa DVD kawai take ci, wannan zai nema.

Sai dai a lura da lambar yanki. DVD na Amurka yanki na 1 ne, na Turai na 2, Nijeriya da Nijar suna yanki na 5. Yawancin ƙananan na'urorin da ake sayarwa a kasuwanninmu ba ruwansu da wannan, amma na'urar wasan bidiyo ko kwamfuta tana iya ƙin faifan. Akwai kuma wani abu da ya fi damuna. DVD na Turai tsarin PAL yake bi, wanda yake gudu da fim da kusan kashi 4 cikin 100, sai mintuna 129 su dawo wajen 124. A wani fim ba za ka kula ba. A wannan kuwa, kiɗan fiyano na Scott Joplin da Marvin Hamlisch ya sake tsarawa shi ne numfashinsa, kuma an yi shi ne don a bi shi a hankali. In aka gaggauta shi, ko kaɗan ne, kunnen da ya saba zai ji.

Idan ka ci karo da kwali mai jan baki an rubuta HD DVD, kada ka ɗauka ko da kyauta ne. Tsarin ya mutu tun 2008, na'urar Blu-ray ba ta karanta shi.

Blu-ray ya zo a 2012, lokacin da Universal ya cika shekara 100. Tazarar da ke tsakaninsa da DVD babba ce, layi 1080 maimakon 480 ko 576. A nan ne za ka fara ganin saƙar kwat ɗin Hooker mai zane-zane, cikin tufafin da suka jawo wa Edith Head kyautar Oscar, da kuma zanen allunan da suke raba fim ɗin babi-babi kamar bangon tsohuwar mujalla. Aibinsa shi ne an ɗan goge ƙwayoyin hoton, wannan ɗan yashi-yashin da fim na asali yake da shi, har fata takan yi santsi fiye da kima a wasu wurare. A talabijin mai inci 32 ko 43 da wuya ya dame ka. Ka duba bayan kwalin: Afirka da Turai yankin B ne, Amurka yankin A.

Na 4K ya fito a 2021, kuma shi na fi so. Robert Surtees ya ɗauki fim ɗin da launin ƙasa-ƙasa da jan gara, da haske irin na finafinan shekarun 1930, kuma a wannan faifan ne duhun ɗakunan caca yake zama duhu mai zurfi, ba toka-toka ba. Kada ka sa ran launuka masu ƙyalli, ba haka aka yi shi ba tun asali. Faifan 4K ba shi da lambar yanki, daga duk inda aka kawo maka zai yi. Sharaɗinsa na'ura: sai mai karanta 4K, ko PlayStation 5 ko Xbox Series X masu ramin faifai, da talabijin mai HDR, wato tsarin da yake ƙara fito da bambancin haske da duhu. Idan ba ka da su yanzu amma kana da niyya, nemi kwalin da ya haɗa 4K da Blu-ray tare, ka fara da ɗaya, ɗayan ya jira ka.

Haya ko saye ta intanet yana da sauƙi, illa dai ba kowace ƙasa ake samunsa ba, kuma kallon 4K yana iya lashe gigabait 7 a awa guda. Sa'o'i biyu da 'yan mintuna, ka yi lissafin datarka. Faifan nan na bakin titi mai finafinai goma a ciki kuwa, an matse hoton har katin tara da na shida ba sa rabuwa.

Ko wanne ka zaɓa, ka tabbata yana da rubutun ƙasan allo na Turanci. 'Yan damfarar suna magana da zaurancen sana'arsu na wancan zamani, kuma wurin da ake bayyana yadda za a jinkirta sakamakon tseren da ke zuwa ta wayar tangaraho, idan ya wuce ka, sauran shirin zai rikice maka. Sannan ka karanta sunan da kyau kafin ka biya. Akwai The Sting II na 1983, da Jackie Gleason da Mac Davis, babu Newman babu Redford a cikinsa.