Ofishin ilimi na ƙaramar hukumarmu, abin da na gani bayan zuwa huɗu

Salamu alaikum jama'a. Tun ƙarshen damina nake so in rubuta wannan, aikin gona ne ya hana, sai yau da muka gama sussuka na samu zama. Ni manomi ne a wani ƙauye a Jigawa, kuma ni ne sakataren kwamitin makarantar garinmu, SBMC ɗin nan da ake cewa, to duk wata takarda da za a kai sama ni ake ɗora wa. Bana sau huɗu na je ofishin ilimi na ƙaramar hukumarmu, shi ne nake so in faɗi yadda aikinsu yake, mai kyau da marar kyau, ko wani zai amfana. Ba zan kama sunan gari ko na mutum ba don ba tozarta kowa na zo yi ba.

Abu biyu ne ya kai ni. Na ɗaya malaminmu na aji uku ya yi ritaya, aka bar makarantar da hedimasta da malamin Arabiyya da wani guda ɗaya, alhali aji shida ne. Na biyu 'yar marigayi yayana ta dawo hannuna daga wata ƙaramar hukumar, tana aji biyar, hedimastanmu ya ce ta zauna a aji ba komai amma in ana so sunanta ya shiga rajista ta zana jarrabawar fita tare da 'yan uwanta sai an kawo takardar taransifa da hatimi.

Bari in ɗan yi bayanin tsarin don ni kaina sai da na sha yawo kafin na gane shi. Jigawa tun da aka cire ta daga Kano a 1991 yanzu ƙananan hukumomi 27 gare ta, Kano kuma 44, kuma kowace ɗaya tana da nata ofishin ilimi wanda mutane suka fi sani da LEA, shugabansa shi ne sakataren ilimi, malamai ES suke ce masa. Duk firamaren gwamnati da ke cikin iyakar ƙaramar hukuma a hannunsa take. Samansa akwai SUBEB a Dutse, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, saman SUBEB kuma UBEC a Abuja, wato ta tarayya, wadda dokar 2004 ta kafa, dokar da ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare. Babbar sakandare kuwa hanyarta daban, ta ma'aikatar ilimi ce, da ofishin shiyya wanda shi kuma ƙananan hukumomi da dama yake haɗawa. Wannan bambancin a ƙauye mutane da yawa ba su san shi ba, na ga dattijo da idona ya taho tun asuba a kan maganar ɗansa na siniya, aka ce masa Baba ba nan ba ne sai ofishin shiyya, wallahi sai da ya zauna a benci ya riƙe kai, don kuɗin motar da ke aljihunsa na komawa gida ne kawai. Da akwai allo ko guda ɗaya a ƙofa an rubuta da Hausa ga abin da muke yi ga wanda ba namu ba, da wannan bawan Allah bai yi asara ba.

Zuwana na farko ranar Litinin ne. Mu a can ƙarshen iyaka muke, hanya burji ce da yashi, da damina kuma sai ka zagaye fadama, ga man fetur yadda ya koma tun da aka cire tallafi a 2023. Na isa wajen ƙarfe tara, na tarar da masinja da mutum biyu, aka ce ES ya tafi taro Dutse, kuma ba wanda zai sa hannu sai shi. Na ce to ko takardar a karɓa a ajiye, aka ce mai karɓa ma bai zo ba. Ran nan gaskiya na koma da ɓacin rai, wuni guda ya tafi ga shi ana tsakiyar noman biyu.

Na biyun ne ya wanke min zuciya. Na samu wata baiwar Allah mai kula da fayil, babbar mace ce, na gaishe ta na ce Hajiya ga abin da ke tafe da ni, ta ce Malam zauna, ta ɗauko biro ta rubuta min a 'yar takarda abin da zan kawo: wasiƙar hedimastan tsohuwar makarantar, da katin sakamakon yarinyar na zangon ƙarshe, da takardar haihuwa in akwai, ta ce kowanne in yi fotokwafi biyu in riƙe na asali a hannuna kar in ba kowa. Da ta ji marainiya ce sai ta ce Allah ya jiƙan uban, Allah ya raya ta, ta kuma gaya min ranakun da aka fi samun ES a kujera. Ko sisi ba ta nema ba, na ciro ɗan abin shan ruwa ta ce mayar aljihunka ka sai wa yarinyar littafi. Wannan matar in da ita kaɗai ce ofishin da maki biyar cikin biyar zan ba su. Zuwa na uku na kawo takardu, kafin azahar an buga hatimi an sa hannu, maganar taransifa ta ƙare.

Maganar malami ita ce mai nauyin, kuma a nan ne na gane inda gizo ke saƙa. Na shiga wajen ES na ce ranka ya daɗe yaranmu na aji uku da aji huɗu an haɗa su ɗaki ɗaya, wasu a ƙasa wasu a taga, mun zo roƙon malami. Mutumin bai wulaƙanta ni ba, ya sa aka kawo ruwa, ya buɗe min littafin da ke da sunan makarantu da malaman kowace, ya ce Malam duba da kanka. Ya ce shi ba shi da ikon ɗaukar sabon malami, wannan daga jiha yake zuwa, abin da zai iya kawai ya ɗauke wani daga makarantar da ke cikin yankinsa ya kawo mana. Na duba littafin na ga makarantun cikin hedikwata sun fi mu malamai nesa ba kusa ba, na ce to yallaɓai ga su nan ai. Ya ce da yawansu matan aure ne ba za su iya zaman ƙauye ba, mazan kuma da ka tura mutum kafin sati ya zagayo an fara bugo maka waya daga nan da can a kan a bar shi. Na yarda da uzurin matan, gaskiya ne, amma na biyun har yau bai kwanta min ba, don yaran ƙauye su ma 'ya'ya ne.

Abin da ya fi ci min rai shi ne wannan. Tsakaninmu da wata firamare kwari ɗaya ne, in ka hau tudun bayan gari kana hango kwanonta, kasuwarmu ɗaya, masallacin Juma'armu ɗaya, muna auren juna, malamansu ta ƙofar makarantarmu suke wucewa a kan mashin kullum da safe. Amma ita ta wata ƙaramar hukuma ce. Na ce ranka ya daɗe ba za a ara mana ɗaya ba ko kwana biyu a sati, ya ce ba hurumina ba ne, albashin malaman firamare daga kason kowace ƙaramar hukuma ake cire shi, wancan ES ɗin ba zai biya mutum ya zo ya yi wa yankina aiki ba. Na fahimci dalilin, lissafi ne, dole kowa ya san nasa. Amma wanda ya ja layin nan a taswira bai yi tunanin mu na bakin iyaka ba, ofishin da ya fi kusa da mu ba namu ba ne, namu kuma sai ka ƙona mai ka ɓata wuni. Makarantarmu tun zamanin UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa na 1976, aka gina ta, ta girmi jihar kanta, a lokacin duk Kano ɗaya muke. Ni a ganina ya kamata sakatarorin da ke maƙwabtaka su riƙa zama ko sau ɗaya a zango su duba makarantun bakin iyaka tare, wannan ba ya buƙatar sabuwar doka sai dai niyya.

Wani abin kuma sufeto. A takarda akwai masu zagayen duba makarantu, amma mu sai mu yi zango ba mu ga ƙeyar kowa ba, in ka tambaya a ce ba kuɗin mai. Ban ƙaryata su ba don na ga mashinan ofis a jingine sun yi ƙura, sai dai makarantar da ba a leƙa ta malami ma sanyin jiki yake yi.

Zuwa na huɗu mu uku muka je, ni da wakilin mai gari da shugabar mata ta kwamiti, da wasiƙa mai hatimin dagaci, kuma na lura ƙofa ta fi saurin buɗuwa in kun zo a jama'a. Bayan kamar sati uku aka turo mana wani saurayi mai NCE cikin malaman wucin gadin nan na J-Teach. Ba shi muka roƙa ba, malami na dindindin muka so, amma da hanau gara mannau, kuma yaron yana da ƙoƙari.

In zan ba ofishin maki, uku cikin biyar. Ba a ci min mutunci ba, ba a karɓi kuɗina ba, an gaya min gaskiya ko da ba ta yi min daɗi ba. Na rage biyu saboda rashin mai sa hannu in shugaba ba ya nan, da rashin lambar waya ko ɗaya a ƙofa da mutum zai kira kafin ya taso daga nesa. Wanda zai je ya fara tambayar hedimastansa ranar da ake samun ES, ya tafi da wasiƙa a rubuce ba baki kawai ba, ya sa a buga masa hatimin karɓa a kwafinsa.

Sabon malamin mun ba shi ɗaki a zauren mai gari, gidaje suna kai masa tuwo bi da bi don kar ya gudu. Yarinyar kuma ta shiga aji shida. Saura rufin aji biyu da iska ta yaye da damina, na riga na rubuta wasiƙar, ran Laraba in Allah ya kai mu zan koma.