Sola da injin ɗumama gida a Jamus: mita ɗaya ko biyu?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kana da sola mai ƙarfin kilowat 10 a rufin gidanka a nan Jamus, za a cire maka tukunyar gas a kafa injin ɗumama mai zuƙo zafi daga iskar waje, sai mai aikin wuta ya tambaye ka ko mita ɗaya kake so ko biyu. Amsar tana ga yawan wutar da injin zai ja daga layi, wato layin wutar gari, da hunturu.

Akwai tsarin da nake roƙonka ka guje masa tun farko: a ba injin mitarsa daban, gefe da gefe da ta gida, ba tare da solar ta iya isa gare shi ba. Nan za ka sayar wa layi rarar wutarka a kan kusan santi 8 na Yuro kowane kWh (ma'aunin wutar da mita ke ƙirgawa), sannan ka sayo wata a kan fiye da santi 20 don injin da ke bayan ɗakinka. Asara ce tsagwaronta.

Mita ɗaya ita ce mai sauƙi. Tana ƙirga abin da ya shigo da abin da ya fita, gida da injin duk suna shan solar, kwangila ɗaya, kuɗin wata-wata ɗaya. Aibinta shi ne duk wutar da injin ya ja daga layi, da farashin wutar gida za ka biya ta. Sai dai tun 1 ga Janairu 2024, sashe na 14a na dokar makamashi ta EnWG ya wajabta cewa sabon injin da ya haura kilowat 4.2 a haɗa shi yadda kamfanin layi zai iya rage masa ƙarfi idan layi ya yi nauyi, ba ƙasa da 4.2 ba, kuma ba a kashe shi gaba ɗaya. A madadin haka ana yi maka ragi a kuɗin layi, wato kuɗin da ake biyan kamfanin layi don kawo wuta ta wayoyinsa, kuma ragin iri-iri ne da ake kira Modul. Modul 1 ragi ne dunƙule, kimanin Yuro 110 zuwa 190 a shekara gwargwadon yanki, kuma ba ya buƙatar mita ta biyu.

Ɗaya tsarin shi ne wanda Jamusawa ke kira Kaskade, mita biyu ɗaya bayan ɗaya. Ta farko tana bakin layi, bayanta injin, sai ta biyu, bayanta kuma gida da sola. Wutar rana gida take fara ciyarwa, ragowar ta ratsa mita ta biyu ta ba injin, abin da ya saura ya fita layi. Wutar da injin ya sha daga layi ana samunta ne in an cire lissafin mita ta biyu daga na farko. Da wannan kana da damar farashi na musamman na injin ɗumama, da Modul 2, wanda ke zaftare kashi 60 cikin 100 na kuɗin layi a kowane kWh. Harajin da ƙaramar hukuma ke karɓa kan ratsawar wayoyi shi ma yana sauka zuwa santi 0.11, maimakon 1.32 zuwa 2.39.

Mu ɗauki misali. A ce kuɗin layi a yankinku santi 8 ne, injin kuma ya ja kWh 3,000 daga layi a shekara. Modul 2 zai ba ka Yuro 144, harajin ya ƙara maka wajen 40 zuwa 70. To ka cire kuɗin hayar mita ta biyu da kuɗin wata-wata na kwangila ta biyu, ka tuna kuma ka bar ragin Modul 1. Me ya saura? Kusan babu. Amma a tsohon gidan da injinsa ke jan kWh 6,000 ko 7,000 a shekara, ribar takan fito fili, domin ragin yana ninkuwa, kuɗin mita kuwa yana nan inda yake.

Kada kuma ka sa rai solar za ta ɗauke nauyin ɗumama. A Disamba da Janairu, lokacin da injin ya fi aiki, farantan solar ɗan kaɗan suke bayarwa, gida ma yakan shanye shi. Amfaninta ga injin ya fi fitowa a Maris, Afrilu da Oktoba, da ruwan zafin wanka a lokacin bazara.

A ganina, in gidanka yana riƙe zafi kuma abin da injin ke ja daga layi bai wuce kWh 3,000 zuwa 4,000 a shekara ba, ka tsaya a mita ɗaya da Modul 1. In ya zarce haka sosai, ka nemi Kaskade. Kafin ka sa hannu, a buɗe akwatin mitarka a gani ko akwai gurbin ta biyu, don sauya tsohon akwati na iya cinye ribar shekaru masu yawa. Sannan mai aikin wutar ya tabbatar daga kamfanin layin yankinku cewa sun amince da tsarin, kai kuma ka tambayi mai sayar maka da wuta ko yana karɓar lissafin da ake cire mita daga mita, domin ba dukansu ke yi ba.