Ranar da yarona ya ɓace a Ingila, da abin da na gani wajen 'yan sandansu

Assalamu alaikum mutanen Zazzau, ya gida ya hidima. Masu yawan tambayata wai me ya fi ba ni mamaki a ƙasar nan, ba wutar lantarki ba ce ba kuma asibiti ba, 'yan sandansu ne, kuma sai da Allah ya jarrabe ni na san haka.

Lokacin zafinsu da ya wuce ne, mun dawo daga makaranta na shiga kicin ɗora girki, yarona ɗan shekara 6 yana wasa a ɗan filin bayan gida, in fito kiransa babu yaro babu dalilinsa, ƙofar baya a buɗe. Babansu na wajen aiki. Na zaga layin ba ko takalmi ina ƙwala kira, da na ga abin ya fi ƙarfina na buga 999 hannuna na ɓari, kuma wallahi jira nake a ce min sai an cika awa 24 don abin da muka taso muna ji kenan. Matar da ta ɗauka ko zancen ba ta kawo ba, shekarunsa nawa, wane kaya ne a jikinsa, yana da wata lalura, akwai kogi ko layin dogo kusa da ku, ta ce kar in ajiye wayar. Ban gama ba ta amsa ba na ji jiniya a layinmu. Ba wanda ya ce kawo kuɗin mai, ba wanda ya ce je ki sayo takarda da biro, hotonsa suka karɓa daga wayata nan take ya shiga wayoyin sauran na sintiri.

To amma 'yan uwa ba a nan gizo yake saƙa ba. Ɗaya daga cikinsu mace ta ce za su duba gidan, na ce baiwar Allah na faɗa miki ba ya ciki ku fita ku nemo min ɗana, ta ce dole ne, yara da yawa a cikin gida ake samunsu sun ɓuya ko barci ya kwashe su. Suka buɗe wadirof, ƙarƙashin gado, injin wanki, har akwatin lefena da na taho da shi daga gida sai da aka zuge aka ɗaga atamfofin ɗaya bayan ɗaya ina tsaye ina kallo. Sannan aka zaunar da ni, kina dukansa? Kun samu saɓani da mijinki kwanan nan? Shi ne ubansa na jini? Akwai wani a dangi da zai so a mayar da shi Najeriya? Babansu ya iso a ruɗe ko magana ba a bari mun yi ba aka ja shi gefe ana masa nasa tambayoyin. Ni da ko a gaban yayyena ba na iya zancen zamana da mijina, ga ni a gaban ƙaton namiji da littafi yana rubutawa, ɗana kuma ban san inda yake ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Alhamdulillahi kafin magariba suka kawo shi, kyamarar wani shago ce ta nuna ya bi yaran maƙwabta zuwa filin wasa. Na zaci shikenan, ina, sai da 'yar sandan ta zauna da shi ta tambaye shi ko wani abu ne ya kore shi daga gida, bayan nan 'yan soshiyal, wato ma'aikatan hukuma masu sa ido kan lafiyar yara a gidajensu, suka zo suka leƙa firij da inda yake kwana. Duk ɗan Najeriyar da ke nan ya san yadda gaban iyaye ke faɗuwa in an ambaci soshiyal, na daɗe barcina bai dawo daidai ba.

Daga baya na fahimci irin abin da ke sa su zargin iyaye. A 2008 a garin Dewsbury da ke nan Ingila an yi wata yarinya Shannon Matthews 'yar shekara 9, aka tashi ƙasa kaf ana nema, uwar na kuka a talabijin, bayan kwana 24 aka same ta ɓoye a ƙasan gado a gidan wani ɗan uwan saurayin uwar, ashe da uwar aka shirya don a ci kuɗin tukuici, shekara 8 kotu ta ɗaure ta. Amma zargin yana cin marasa laifi ma, iyayen wata yarinya 'yar Ingila Madeleine McCann da ta ɓace a Fotugal a 2007, 'yan sandan can sun sa su cikin waɗanda ake tuhuma sai a 2008 aka cire su, ga rashin 'ya ga jaridu suna yagar namansu.

Abin da ya ƙara sa ni kuka ranar, layinmu labule kawai ake ɗagawa ana leƙe. Da a Tudun Wadar Zariya ne kafin ka ce kwabo ladan ya yi cigiya a lasifika, samari sun hau babura wasu sun yi Kofar Doka wasu Kwangila wasu tasha, an tura yaro gidan mai unguwa ko an kai tsintuwa, mata sun cika tsakar gida ana riƙe uwa ana ta Allah ya bayyana. Wannan ba su da shi a nan ko kaɗan, kuma na yi kewarsa sosai.

Sai dai mu kuma daga ƙofar caji ofis abin ke lalacewa. Jikan gwaggona ya taɓa ɓacewa a Zariya, suka je wani ofis da ba zan kama suna ba, na kan kanta ya ce su dawo gobe ai yaro yawo ya tafi, da suka dage aka ce kuɗin buɗe fayil, aka ce mota ba mai, uwar tana kuka wani yana ce mata ina kike har ya fita, ko kujera ba a ba ta ba. Wani mai shayi ne ya tsince shi. Na san 'yan sandanmu ba a ba su kayan aiki yadda ya kamata, amma karɓar rahoto da daɗin baki ai ba sa cin fetur. Kuma in sun so suna iyawa, a Oktoban 2019 'yan sandan Kano suka kwato yara 9 da aka sace aka sayar a Onitsha, wasu sun yi shekaru an canza musu suna da addini, wanda ya jagoranci satar Paul Owne aka yanke masa shekara 104 a 2021. Shekarun da iyayen suka yi suna zarya kafin nan fa?

Ni yanzu duk da wulaƙancin da na ji, gara a zazzage min akwati a tambaye ni mijina da a ce in dawo gobe. Hanifa da aka sace a Kano a Disamban 2021 tana 'yar shekara 5, ai ba baƙo ba ne ya sace ta, mai makarantarsu ne da ta sani ta yarda da shi. Mu kuwa da an fara tambayar na kusa sai a taso da maganar rufin asiri da zumunci a ce a bar wa Allah.

Mu iyaye ma mu ji tsoron Allah, a aiki ɗan shekara 4 sayen magi bayan isha, ɗan shekara 6 ya ja ƙaninsa su tsallaka titi zuwa islamiyya, ka tambayi yaro sunan babansa ya ce Baba, unguwarsu ya ce gidanmu, hoton da za a nuna kuma tun na ranar suna. Ba a ma zancen almajirai, yaro zai yi sati ba a gan shi a tsangaya ba a ce ƙila ya gudu gida ne, ba wanda zai buga wa iyayen waya ya tabbatar. Masu turo cigiya kuma dan Allah ku riƙa sa rana da unguwa, in an ga yaron ku dawo ku faɗa, akwai hoton wata yarinya da ke ta yawo a gurup ɗin danginmu tun bara, na tambaya ko an same ta kowa ya ce shi ma turo masa aka yi.