Ina Za a Kai Yara Su Taɓa Akuya a Landan?

Duk shekara idan dogon hutu ya matso wayata ba ta hutawa. 'Yan'uwa daga Kano da Kaduna da Abuja sun samu biza, za su shigo Landan da yara, tambayar kuma ba ta wuce ɗaya: "Anti, ban da yawon kantuna, ina za mu kai su?" Ni kuwa kullum sai in ce a kai su gona. Sai a yi shiru a waya, can a ce, "Gona kuma? A Landan?"

Surukata ma haka ta yi. Ranar da muka fara zuwa da ita ta tsaya a bakin shinge tana kallon jikokinta suna rawar jiki a kan wata tunkiya, ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah. Yanzu saboda wannan kuka tashe ni da sassafe? Ga irinsu can a bayan ɗakina suna cinye mini dusa." Na ce, "Hajiya, ai su ba su san rago ba sai ranar Sallah, shi ma a cikin leda." Kuma ba 'ya'yan nan kaɗai ba, yaran da ke zuwa mana daga rukunin gidajen Abuja da yawansu ba su taɓa riƙe kunnen akuya ba.

Gonakin nan na cikin gari sun fi goma a Landan. Ta farko ita ce ta Kentish Town, wadda aka buɗe a 1972 a wani fili da ke gefen layin dogo, daga nan sauran unguwanni suka kwaikwaya. Ƙungiyoyin sa-kai ne ke tafiyar da su, kuma mafi yawansu shiga kyauta ne, sai dai akwatin gudummawa a bakin ƙofa. Ku riƙe wannan maganar ta kyauta, za mu dawo kanta, don a nan aka cuce ni.

In ana maganar zaɓi, ni dai Mudchute. Tana tsibirin da ake kira Isle of Dogs a gabashin birnin, faɗinta eka 32, tana cikin mafi girman gonakin cikin gari a Turai baki ɗaya. Girman nan shi ne komai. A sauran wuraren layi za ka bi, wani na tura ka da keken jariri, kafin yaro ya gama kallon zomo an ce ku matsa. A Mudchute kuwa sakin yaran ake yi su yi ta gudu har su gaji don kansu. Tumaki na kiwo a fili, a bayansu ga dogayen benayen bankunan Canary Wharf suna ƙyalli, hoton da duk wanda na kai sai ya ɗauka ya tura gida. Akwai awaki, jakuna, dawakai da wurin koyon hawa, agwagi, talotalo, da lama, wata dabbar Kudancin Amurka dangin raƙumi amma ba ta da tozo. Kada yaro ya kai fuskarsa kusa da ita, in ranta ya ɓaci tofi take yi.

Sunan wurin ma tarihi ne. A ƙarni na 19, idan aka yashe tashar jiragen ruwa ta Millwall, nan ake kwararo taɓon, ya taru ya yi tudu, mutanen unguwa suna ta kukan wari. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka girke bindigogin kakkaɓo jiragen sama a kan tudun don kare tashoshin ruwa, har yanzu akwai guda a ajiye, kuma yara maza sukan manta da tumaki in sun gan ta. A shekarun 1970 hukuma ta so ta gina gidajen bene a filin, mutanen tsibirin suka ce ba su yarda ba, suka kafa ƙungiyarsu a 1977, ita ce ke riƙe da wurin har yau.

Hanyar zuwa kanta rabin shagalin ce. Jirgin ƙasa na DLR ake hawa, wanda ba shi da direba, don haka in kun yi sa'a yara su zauna a kujerar gaba su yi ta "tuƙi" har tashar Mudchute ko Crossharbour. Yaro ɗan ƙasa da shekara 11 ba ya biyan kuɗin jirgi in yana tare da babba mai tikiti, har yara huɗu ga mutum guda. Akwai babban kantin Asda a gefen Crossharbour, a nan nake sayen ruwa da burodi da 'ya'yan itace, domin ɗakunan shan shayin gonakin nan suna soya naman alade, ni kuwa na fi natsuwa da abin da na dafo daga gida. Tunda an zo maganar, aladu suna nan, a Mudchute da kusan duk sauran. Garkensu daban yake, wanda ba ya so ya ratse. Karnuka ma ana shigowa da su filin shaƙatawar. Ki gaya wa yara tun a gida, kada a je ana ihu.

In da sauran ƙarfi bayan la'asar, ku gangara Island Gardens ku bi ramin ƙafa da aka haƙa a ƙarƙashin kogin Tems tun 1902, ku ɓulla Greenwich. Shi ma ko kwabo.

Sauran fa? Vauxhall tana dab da tashar jirgi kuma tana da alfaka, ƙanwar lama, amma ƙarama ce, awa ɗaya kun gama. Hackney tana da daɗi in ba Asabar ko Lahadi ba, a ranakun nan mutane sun fi kaji yawa. Spitalfields na bayan Brick Lane, ribarta ita ce kusanci da babban masallacin Whitechapel da gidajen abincin halal, ga jakuna masu haƙuri. Surrey Docks na bakin kogi, kyakkyawa, sai dai tafin hannu ce. Gidan dabbobin yara na Battersea kuɗi ake biya, kuma kallo ya fi taɓawa yawa. Shi kuwa babban gidan zu na Regent's Park, wanda ke nan tun 1828 kuma ya buɗe sashen yara a 1938, wannan tafiya ce daban: a lokacin hutu tikitin babba ɗaya yakan haura fam 30, ka lissafa da mutum shida. Je ka don zaki da raƙumin dawa, ka yi salla a babban masallacin da ke ɗaya gefen lambun, amma kada ka biya wannan kuɗin don akuya. A kuma duba rana, da yawa cikin ƙananan gonakin ba sa buɗewa ranar Litinin.

A da, da girma da kuɗin shiga nake auna wuri. Yanzu abin da nake fara nema da ido shi ne famfo da sabulu, kuma a ina suke. Dalili kuwa, wata shekara mun je wata gona a wajen gari, ta kuɗi ma, mai lilo da motocin wasa. Wurin wanke hannu yana can nesa, ga layi, ga yunwa. Na ciro man goge hannun nan na kwalba na shafa wa kowa, muka buɗe kula muka ci shinkafa. Kwana biyar tsakani autana ya kama gudawa da amai, har sai da muka kwana a asibiti ana ƙara masa ruwa. Tambayar farko da likita ta yi mini ita ce, kun je gona kwanan nan? Ita ta fahimtar da ni cewa man kwalba ba ya maye gurbin sabulu da ruwa, akwai ƙwayoyin cutar da ke cikin kashin dabbobi waɗanda ko a jikinsu. Kuma ba sai yaro ya taɓa kashi ba, suna jikin gashin dabba da ƙarfen shinge da tafin takalmi da tayar keken jariri.

Kada wani ya ce ai mu da dabbobi muka tashi. A 2009 cutar E. coli O157 ta ɓarke a gonar Godstone da ke Surrey, ta kama mutum 93, yawancinsu ƙananan yara, wasu har ta taɓa musu ƙoda. Tun daga nan aka tsaurara ƙa'ida a ƙasar. To ki wanke musu hannu da kanki, da sabulu, bayan taɓa dabba, kafin cin abinci, da bayan cire takalmi. Mai tsotsar yatsa a riƙe shi a hannu. Mai juna biyu ta nisanci tumakin da ke haihuwa da 'ya'yansu, wato daga ƙarshen hunturu zuwa wajen Afrilu. In kuma yaro ya fara zawo cikin mako biyu da zuwa, balle da jini, kada ki ɗura masa Flagyl ɗin da kika taho da shi a jaka. Kira 111, layin neman shawarar lafiya, kyauta ne, ki faɗa musu kun je gona.

Yanzu ga inda raina yake ɓaci. Shekarar da muka zo ƙasar nan ban san gari ba, na shiga intanet ina neman inda zan kai yara. Wani shafi ya fito a sama, da hotunan yara rungume da 'yan raguna, wai tikitin iyali na "rangadin gona", a yi sauri saura kaɗan. Na biya fam 48. Muka isa ƙofa na miƙa wa wata dattijuwa wayata tana ta duba, ta ce ita ba ta san wannan ba, nan shiga kyauta ne, ko ƙofar karɓar tikiti babu. Kunya ta fi asarar ciwo, don a gaban ƙanwar maigida aka yi.

Irin shafukan nan suna sayen gurbin talla ne don su hau saman sakamakon bincike, shi ya sa na farkon da ka gani ba lallai shi ne na masu wurin ba. Alamominsu ba sa ɓuya: agogo yana ƙirga mintuna wai farashi zai tashi, babu adireshi, babu lambar rajistar ƙungiyar agaji, alhali gonakin gaskiya sukan rubuta tasu a ƙasan shafi. Ko tikitin gidan zu ne, saya daga shafinsu kai tsaye. Wanda ya tare ka a hanya ko ya turo maka a WhatsApp wai yana da ragowar tikiti rabin kuɗi, hoton lambar tikiti ɗaya yake sayar wa mutum goma, wanda ya riga isa shi ya ci.

Kekunan hayan nan masu ƙafa uku da fitilu da kiɗa, na wajen Oxford Street, su ma a yi hattara. Yara na ganinsu za su fara "Umma, mu hau." Sun yi ƙaurin suna wajen tsuga wa baƙi kuɗi a tafiyar minti kaɗan, har sai da majalisa ta yi doka a kansu a 2024. In ba a yi ciniki an faɗi jimilla kafin a hau ba, kada a hau.

Abin da ya fi ba ni takaici kuwa namu ne na gida. Akwai masu tallar "fitar yara" a zaurukan WhatsApp na baƙi 'yan hutu, kowane yaro kaza, wai har da kuɗin shiga gona da na jirgi. In mutum ya ce ladan rakiya yake karɓa, wannan halal ɗinsa ne, ya faɗa a fili. Amma kuɗin shiga inda ba a biya, da kuɗin jirgin yaron da ba ya biya? Na taɓa tambayar wani a zaure, da ladabi, na ce, "Malam, don Allah wace gona ce? Mu ma mu duba." Bai amsa ba, da yamma na ga an cire ni. Bana wata ƙawata ta turo mini tallarsa, hoton tumakin nan ne dai da benayen Canary Wharf a baya, sai dai ya ƙara fam biyar a kan kowane yaro.