WAV ko AAF: wanne za ka miƙa wa mai sauti?

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwa ya jefo tambaya a zauren nan: ya gama yanka kashi na farko na shirinsa mai dogon zango a manhajar yanka bidiyo ta Premiere Pro, tsawon minti 45, zai kai wa mai haɗa sauti da ke aiki da manhajar Cubase. Wani ya ce masa ya fitar da WAV kawai, wani ya ce AAF, wani kuma ya ce OMF, har abin ya rikice masa. Yana so a bambance masa su.

Malam, tunda shirinka na magana ne, AAF za ka kai masa, ka haɗa masa da WAV guda ɗaya na sautin yadda kake jin sa a wurinka. Amma bari in ajiye maka su gefe da gefe, don akwai aikin da WAV kaɗai ya fi dacewa da shi.

Hanyar WAV, wato fayil ɗin sauti zalla da ba a matse ba, ita ce wadda kowa ya sani. Ka raba layukan sautinka gida-gida: maganar 'yan wasa daban, kiɗa daban, ƙarar ƙofa da mota da takun ƙafa daban. Sai ka fitar da kowane gida shi kaɗai, daga firem na farko har na ƙarshe, ko da rabinsa shiru ne. Wannan sharaɗin ba a wasa da shi. Idan dukkansu sun fara a wuri ɗaya, mai sauti zai jera su daga sifili, su zauna daidai da bakin mai magana ba tare da ya taɓa komai ba. Babu manhajar da ba ta buɗe WAV: Audacity, FL Studio, Reaper, Cubase, Pro Tools, duk ɗaya ne a wurinsu. Nauyinsa ma ana iya lissafa shi tun kafin a fitar. A saitin inganci na 48 kHz da 24-bit, sitiriyo (sautin kunne biyu) yana cin kusan MB 17 a minti ɗaya, ka ga minti 45 ɗinka zai kai wajen MB 780 a kowane gida.

Matsalarsa ita ce duk abin da ka yi ya riga ya bushe a ciki. Inda ka yanka, nan ya tsaya. Idan ka datse wutsiyar kalma, ko numfashin da jaruma ta ja kafin ta yi magana, sun tafi. Idan ka sa abin rage hayaniya ka matsa shi da yawa har murya ta koma kamar daga cikin ruwa, haka mai sauti zai karɓe ta, kuma babu dabarar da za ta mayar da ita.

Ga inda abin ya fi ciwo. Ɗauki miji da mata suna magana a tsakar gida. An ɗauki fuskar mijin da safe unguwa shiru. Kafin a juya kyamara kan matar, maƙwabci ya tayar da janareta. A tebur ɗin edita, duk lokacin da hoto ya koma kanta sai gurnanin ya faɗo, ya koma kansa sai ya ɗauke ɗif. Mai kallo ba zai ce ga abin da ke damunsa ba, amma kunnensa zai gaji. Gyaran wannan shi ne mai sauti ya raba muryoyin biyu a layi daban-daban, ya rage gurnanin a nata kaɗai, sannan ya jawo bakin kowane yanki ya zarce inda ka yanka, ya narkar da ɗaya cikin ɗaya a hankali. Jawowar nan tana buƙatar rarar sauti a gaba da bayan kowane yanki. WAV ɗin da ka fitar ba shi da wannan rarar ko ta firem ɗaya.

Ita ce AAF ke kawowa. Shi ba fayil ɗin sauti ba ne kawai, shimfiɗar aikinka ce gaba ɗaya: kowane yanki a layinsa, a daidai lokacinsa, da sunansa, da inda ka ɗaga ko ka sauke murya. Kuma kowane yanki yana zuwa da rararsa a naɗe, kamar yadin da tela ke bari a cikin ɗinki don a iya sakin riga in ta matse. A wajen fitarwa a Premiere za ka ga inda aka rubuta Handle Frames, nan ake sa yawan rarar. Mu da muke aiki da firem 25 a sakan ɗaya, 125 ya zama sakan 5 ke nan. Ni ba na kasa haka, in mai sautin ya nemi 250 ma ka ba shi, nauyin da zai ƙaru bai kai amfanin ba. Ka zaɓi a cusa sautin cikin fayil ɗin, ko a zuba shi a jaka ɗaya kusa da shi, kada ka bar shi yana nuni zuwa fayilolin da ke kwamfutarka, don can zai buɗe ya tarar da gurabe babu komai a ciki. Ka kuma kunna Breakout to Mono, domin makirfon ɗin sanda da na kwala su rabu, kowanne a layinsa.

Sai dai AAF yana da nasa laulayin, kuma gara ka san shi tun yanzu. Gyare-gyaren da ka ɗora a Premiere, irin su rage hayaniya da daidaita kaifin murya, ba sa ƙetarewa a matsayin abin da za a iya juyawa: ko dai a gasa su cikin sautin, ko a bar su a baya. Ni na fi son a bar su, mai sauti yana da kayan da suka fi naka. Jerin (wato shimfiɗar yankanka a Premiere) da ka cusa cikin wani jeri, da yankunan da ka haɗe hoto da sautin rikoda ta Merge Clips, da waɗanda ka sauya wa gudu, su ne suka fi kawo rikici. Ka kwafi jerin, ka warware su a kwafin, ka share layukan da babu komai, sannan ka fitar. Sunayen fayil kuma ka rubuta su da haruffa tsura, ban da masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ, don wasu manhajojin suna tuntuɓe a kansu.

Sannan ba kowa ke buɗe shi ba. Pro Tools da Nuendo da Logic Pro suna buɗewa. Cubase kuwa sai ka tambayi mutuminka wanne ke kwamfutarsa: Pro yana karɓar AAF tun daga fitowa ta 10 a 2018, Elements ba ya karɓa. Audacity da FL Studio babu ruwansu da shi. Reaper sai an bi ta wata manhaja mai juyawa irin AATranslator.

OMF ba zan daɗe a kansa ba. Kamfanin Avid ne ya fito da shi a farkon shekarun 1990, AAF ya zo daga baya ya gaje shi. Aikinsu kusan ɗaya ne, amma OMF ba ya wuce GB 2, kuma shirin minti 45 mai layuka da yawa yana iya cike wannan. In tsohon Cubase ne a wurinsa, sai ka raba shirin biyu ka ba shi OMF. In ba haka ba, babu dalilin komawa baya.

To yaushe WAV ya fi? Idan aikin tallar minti ɗaya ne, ko waƙa, ko wa'azi da mutum ɗaya ya yi a makirfo ɗaya. Idan wanda za ka kai wa mai kiɗa ne da zai ɗora maka kiɗan bango kawai, shi ba ya buƙatar yankunanka, hoto da magana sun ishe shi. Haka wanda ya yanka a CapCut, WAV ce hanyarsa. Masu Final Cut Pro su ma ba su da AAF kai tsaye, sai ta manhajar juyawa ta X2Pro, ko su tura shimfiɗar aikin a fayil ɗin XML zuwa Logic Pro. Wanda kuma shi ne edita shi ne mai sauti, ba ya buƙatar duk wannan jigilar: Premiere na tura jeri zuwa Audition kai tsaye, DaVinci Resolve kuwa sashen haɗa sauti na Fairlight na cikinsa tun 2017, bayan Blackmagic mai Resolve ta sayi Fairlight a 2016, kuma har a na kyauta akwai shi.

Yanzu abubuwan da ke ɓata aiki ko wace hanya ka bi, waɗanda a ganina sun fi zaɓin fayil muhimmanci. Na farko, kada ka miƙa sauti sai darakta da furodusa sun sa hannu cewa an rufe hoto, wato ba za a ƙara taɓa yankan ba. Cire firem 10 a minti na uku bayan mai sauti ya fara aiki yana gusar da duk abin da ke bayansa, minti 42 cur. Sannan komai ya zauna a 48 kHz, shi ne ma'aunin bidiyo. Masu waƙa da yawa sun saba da 44.1, kuma idan manhaja ta karanta 44.1 a matsayin 48 ba tare da ta juya shi ba, sautin zai yi gudu da kusan kashi 9 cikin 100, murya ta sirance. Hoton da aka ɗauka da waya shi ma yana da tasa cutar: yawan firem ɗinsa yana hawa yana sauka, sai baki da murya su fara tare, a hankali su rabu. Ana daidaita shi da manhajar HandBrake tun kafin a fara yanka.

Tare da AAF ɗin ka ba shi bidiyon shirin mara nauyi, da lambobin lokaci a rubuce a jikin hoton. Ka sa ɗan ƙara na firem ɗaya, mai 1 kHz, sakan 2 daidai kafin hoton farko, a bidiyon da kuma sautin. Ranar da aikin ya dawo, wannan ƙaran za ka duba: in ya faɗa a gurbinsa, komai ya zauna.

Dawowar kullum da WAV ce, ko da AAF ka aika. Kada ka karɓi MP3, yana rage inganci kuma yana ƙara ɗan jinkiri a farkonsa. Ka nemi cikakken haɗi guda ɗaya, da kuma magana daban, kiɗa daban, sauran ƙararraki daban, saboda ranar da wata tasha za ta so juya shirin zuwa wani harshe, ko aka ce a cire wata waƙa. Ka gaya masa inda shirin zai tafi: YouTube yana sauke abin da ya wuce kimanin -14 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti), tashoshin da ke bin ma'aunin Turai na R128 kuma -23 suke nema.

Kafin ka kwashi minti 45 a filas ka hau hanya, fitar da AAF na minti 2 kawai daga wurin da ya fi cunkoson yanka, ka tura masa a WhatsApp a matsayin takarda. In ya buɗe ya ga yankunan a gurabensu, ya ja bakin ɗaya ya ga rarar ta fito, sai ka fitar da sauran da saitin nan ba tare da ka canja komai ba.